Tsofaffin buɗaɗɗun motoci masu kujera biyu: tambayoyi da amsoshi

Akwai nau'in mota da ba a ƙera shi don ɗaukar iyali ko kaya ba, ba kuma don a isa wuri da wuri ba. An yi shi ne don mutum ya ji daɗin tuƙin kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai sha'awar irin wannan mota ya fi yi, tun daga asalinta har zuwa abin da ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi.

Wace irin mota ake nufi?

Ana nufin ƙaramar mota mara nauyi, mai kujera biyu kacal, wadda rufinta na tamfol ne da ake iya naɗewa a baya. A mafi yawansu injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura motar, giyar kuma ta hannu ce. Direba yana zaune ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyin baya, dogon bonet yana miƙe a gabansa, sannan but ɗin bai wuce ya ɗauki jakunkuna biyu ba. Sanannun misalai su ne MG da Triumph da Austin-Healey da Jaguar da Lotus daga Ingila, Alfa Romeo daga Italiya, Porsche da Mercedes-Benz daga Jamus, sai Mazda MX-5 daga Japan wadda ta zo daga baya. Zamanin da suka fi tashe shi ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa tsakiyar shekarun 1970.

Me ya sa ake kiransu da sunaye daban-daban?

Yawancin sunayen an gaje su ne daga zamanin keken doki. Faransawa suna kiran wani ƙaramin keken doki mai rufin naɗewa da suna cabriolet, sunan spider da Italiyawa suka fi so ya fito daga wani keken doki mai siraran ƙafafu, roadster kuwa a Amurka an fara faɗinsa ne ga dokin da ya dace da tafiya a kan hanya. A da akwai bambanci na gaske: roadster ba ta da gilashin gefe da ake ɗagawa, sai labulen roba da ake maƙalawa idan ruwa ya sauko, alhali cabriolet tana da rufi mai kauri da gilasai cikakku. Yau kamfanoni suna zaɓar sunan da ya yi musu daɗi, saboda haka suna kaɗai ba ya gaya wa mai saye komai.

Ta yaya Ingila, ƙasar da ruwan sama bai cika yankewa ba, ta zama cibiyar motoci marasa rufi?

Amsar tana cikin halin da ƙasar ta shiga bayan yaƙi. Birtaniya ta fito da bashi mai yawa da tsananin buƙatar dala, gwamnati kuma ta riƙa raba ƙarfe ga kamfanonin mota gwargwadon abin da suke sayarwa a ƙasashen waje. Kasuwar da ke da kuɗi ita ce Amurka, sai dai Amurkawa suna da manyan motocinsu masu faɗi da laushi, ba su buƙatar wani ya kawo musu irinsu. Abin da ba su da shi shi ne ƙaramar mota mai saurin juyawa a kwana, wadda wasu sojojinsu suka gani suka kuma so a Ingila.

MG TC, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1945 zuwa 1949, ita ce ta buɗe ƙofar. Kusan guda 10,000 aka yi, injinta bai wuce lita 1.25 ba, sitiyarinta kuma yana hannun dama ko da a ƙasashen da ake tuƙi da na hagu, amma duk da haka ta samu masoya. Jaguar ta fito da XK120 a 1948, lambar sunanta tana nuni ga gudun mil 120 a awa, wato kusan kilomita 193. Austin-Healey 100 da Triumph TR2 suka shiga kasuwa a 1953, MGA ta biyo a 1955 aka sayar da fiye da 100,000. A watan Maris na 1961 Jaguar ta nuna E-Type a bikin baje kolin motoci na Geneva, shekara guda bayan haka MGB da Triumph Spitfire da Lotus Elan suka bayyana duk a 1962. MGB ta ci gaba har 1980, an kuma ƙera fiye da rabin miliyan idan aka haɗa da mai rufin ƙarfe. Kaso mafi girma na waɗannan motoci bai zauna a Ingila ba, jirgin ruwa ya kai su Amurka.

Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika ambata ba, shi ne araha. Kamfanonin suna ɗauko inji da giya da birki daga motocin iyali da suke ƙerawa da yawa, su ƙara wa injin kafireta ta biyu, su ɗora masa bodi mara nauyi. Da haka matashi mai albashi ya iya mallakar motar da ke ba shi abin da a baya sai attajiri.

Sauran ƙasashe fa?

A nan dole a ambaci Max Hoffman, dillalin motocin Turai a birnin New York, wanda ya san abin da Amurkawa za su saya fiye da yadda masu ƙerawa suka sani. Shi ya matsa wa Porsche ta yi 356 Speedster a 1954, mota mai gajeren gilashin gaba da aka rage wa duk wani abin ƙawa domin farashinta ya tsaya ƙasa da dala 3,000. Yana da hannu a fitowar Mercedes 300 SL, wadda buɗaɗɗiyarta ta zo a 1957, da ƙanwarta 190 SL. Shi ne kuma ya nemi BMW ta yi 507, mota kyakkyawa da ta zo da tsada fiye da yadda aka tsara, aka yi guda 252 kawai, kamfanin ya tafka asara a kanta.

Italiya ta ba da Alfa Romeo Spider a 1966, zanen kamfanin Pininfarina, wadda aka ci gaba da ƙerawa har farkon shekarun 1990. Amurka kuwa ta mayar wa motocin Turai martani da Chevrolet Corvette tun a 1953, inda aka yi guda 300 a shekarar farko, dukkansu farare. Ford Thunderbird ta fara da kujera biyu a 1955, amma a 1958 aka mayar da ita mai kujera huɗu, cinikinta kuwa ya ƙaru, abin da ke nuna cewa kasuwar mota mai kujera biyu ba ta taɓa zama mai faɗi ba. Carroll Shelby, direban tseren mota Ba'amurke, ya haɗa al'adar Amurka da ta Ingila a 1962, lokacin da ya sa babban injin Ford a cikin ƙaramar AC Ace ta Ingila, aka samu Cobra.

Tunda motar iyali ta yau ta fi yawancinsu gudu, ina daɗin yake?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma gaskiya ne cewa a gudu an bar su a baya. MGB ta farko tana da ƙarfin doki kusan 95, Austin-Healey Sprite ta 1958 kuwa 43 kawai gare ta. Sai dai gudun da agogon mota ke nunawa daban, gudun da jiki ke ji daban. Wanda ke zaune tazarar taƙi kaɗan daga kwalta, iska tana dukan fuskarsa, ƙarar salansa tana shiga kunnensa ba tare da wani shamaki ba, zai ji kilomita 80 a awa kamar abin da direban rufaffiyar mota ba zai ji ba sai ya wuce iyakar doka da nisa. A ganina wannan babbar fa'ida ce, domin mutum yana samun cikakken daɗin motarsa ba tare da ya jefa kansa ko waninsa cikin haɗari ba.

Sirrin yana cikin rashin nauyi. Lotus Elan ba ta kai kilo 700 ba, saboda Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin, ya ɗora bodin zaren gilashi a kan siririn ƙashin baya na ƙarfe. Mota mara nauyi ba ta buƙatar babban inji, ba ta buƙatar faffaɗan tayoyi, ba ta kuma buƙatar na'urar sauƙaƙa sitiyari. Da yake babu abin da ya shiga tsakanin hannun direba da tayoyin gaba, duk abin da taya ta taka yana isowa tafin hannunsa: yana jin lokacin da hanya ta yi santsi, yana jin lokacin da taya ta fara sakin kwalta a kwana, tun kafin abin ya zama matsala. Siraran tayoyi suna sakin hanya a hankali, da gargaɗi, ba farat ɗaya ba.

Sai kuma aikin da motar ke ba direba. Dole ya saurari inji ya san lokacin canza giya, ya daidaita kuloci da totur, ya taka birki da wuri tunda babu kwamfutar da za ta gyara masa kuskure. Idan ya shiga kwana da giyar da ta dace ya fita sumul, ya san shi ya yi, ba na'ura ba. Wanda bai damu da wannan ba, babu laifi, amma irin wannan mota ba tasa ba ce, kuma gara ya gane haka kafin ya saya.

Cire rufi ba ya raunana mota?

Yana raunana ta. Rufin ƙarfe kamar murfin akwati ne, shi ke hana jikin mota murɗewa. Idan babu shi, nauyin wannan aiki yana komawa kan ƙasan motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Shi ya sa a wasu buɗaɗɗun motoci ake ganin gilashin gaba da sitiyari suna karkarwa idan aka hau gargada. Motar da aka tsara tun farko a matsayin mara rufi, kamar MGB, ta fi wadda aka yanke wa rufi daga baya ƙwari, domin an ƙarfafa ƙasanta tun a takardar zane.

Me ya sa suka kusa ɓacewa a shekarun 1970?

Abubuwa da dama ne suka taru. Amurka, babbar kasuwarsu, ta tsaurara dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari, har aka yi ta fargabar cewa za a haramta motoci marasa rufi gaba ɗaya. Haramcin bai zo ba, amma tsoronsa ya sa kamfanoni suka daina zuba kuɗi a sababbin samfura, kuma a 1976 aka tallata Cadillac Eldorado a matsayin buɗaɗɗiyar mota ta ƙarshe da Amurka za ta ƙera. MGB ta nuna yadda abin ya kasance: a 1974 aka maye gurbin bambarta mai sheƙi da katuwar baƙar roba, aka ɗaga tsayinta daga ƙasa, wanda hakan ya rage mata natsuwa a kwana, sannan na'urorin rage hayaƙi suka cinye ƙarfin injin a samfurin Amurka. A lokaci guda masana'antar motocin Birtaniya tana fama da yajin aiki da ƙarancin kuɗi, ga kuma Volkswagen Golf GTI da ta fito a 1976 ta nuna cewa mota mai kujera biyar da rufi za ta iya gudu da juyawa. A 1980 aka rufe masana'antar MG ta Abingdon, Spitfire ma ta tsaya a shekarar.

Shin Mazda MX-5 tana cikin wannan sahu, ko kwaikwayo ce kawai?

Tana ciki, kuma da ba don ita ba da wataƙila nau'in ya zama tarihi. An nuna ta a Chicago a watan Fabrairun 1989, da inji mai lita 1.6 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba. Masu ƙera ta ba su ɓoye cewa sun yi nazarin ƙananan motocin Ingila ba, musamman Elan, amma sun ƙara abin da waɗancan suka rasa: injin da ke tashi kowace safiya, rufin da ba ya yoyo sosai wanda kuma ake iya saukewa daga kujerar direba. Taken da injiniyoyin suka riƙe wata tsohuwar magana ce ta Japanawa, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu guda. Nasararta ce ta ƙarfafa wa wasu gwiwa, BMW Z3 ta fito a 1995, Porsche Boxster da Mercedes SLK a 1996, Honda S2000 a 1999. A 2016 adadin MX-5 da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Ga wanda yake son ya fara, ita ce shawarar da ta fi sauƙin bayarwa.

Shekara nawa mota za ta yi kafin a ɗauke ta a matsayin ta tarihi?

Ya danganta da ƙasa. A Jamus mota mai shekara 30 da aka kula da asalinta tana iya samun lamba ta musamman mai harafin H. A Birtaniya shekara 40 ce ke ba da damar sauke harajin hanya da gwajin shekara-shekara. Amurka kuma tana barin a shigo da motar da ta kai shekara 25 ko da ba ta cika ƙa'idojin kariya na ƙasar ba.

Me ya kamata mai saye ya fi dubawa?

Tsatsa, kafin komai. Inji da giya na waɗannan motoci masu sauƙi ne, makaniki mai haƙuri zai iya sabunta su, amma jikin da tsatsa ta ci yana iya lashe kuɗin da ya fi darajar motar. Tunda ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi su ne ƙashin bayan mota mara rufi, nan ake fara dubawa, sai ƙasan kujeru bayan an ɗaga kafet, sai cikin but da wuraren da sifirin ke haɗuwa da jiki. Tazarar ƙofa tana tona asiri: idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko ƙofar tana gogar jiki wajen rufewa, alama ce motar ta fara lanƙwasa a tsakiya. Ƙaramin maganaɗisu yana taimakawa a jikin ƙarfe, domin ba ya kama wurin da aka cike da fila aka shafe da fenti. Sabon fenti mai ƙyalli a kan tsohuwar mota ba abin murna ba ne sai an ga hotunan aikin da aka yi a ƙarƙashinsa. MX-5 ta farko ma ba ta tsira ba, tana ruɓewa a gaban tayoyin baya idan magudanan ruwan rufi suka toshe.

Bayan haka a nemi a tayar da injin yana sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin zuwan mai saye yana ɓoye abubuwa da yawa. Shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai, farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai kuma yana iya nufin ruwa yana shiga. A bar shi yana aiki a tsaye a ga ko zai yi zafi. A gwada kowace fitila da kowane maɓalli, a kuma sani cewa motocin Ingila da yawa kafin 1967 an haɗa batirinsu ne da jiki ta ɓangaren da ya saɓa wa na motocin yau, don haka haɗa musu rediyo ko caja ta zamani ba tare da gyara ba yana ƙona ta. A ƙarshe a tabbatar lambar shasi ta dace da takardu.

Ana samun kayan gyara?

Ga shahararrun samfura, ƙwarai kuwa. Kusan kowane ɓangare na MGB da Spitfire da jerin Triumph TR ana ƙera sabonsa, har ma kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon jikin MGB da ainihin injunan da aka yi na asali da su. Wahalar tana ga motocin da aka yi kaɗan, inda ƙaramin abu kamar murfin fitila ke iya ɗaukar watanni ana nema. Ingancin sababbin kayan ma ba ɗaya ba ne, musamman na roba da na wuta, shi ya sa ƙungiyoyin masu irin motar suke da amfani, domin su suka san wanne ke ƙarko.

Fetur na yau ya dace da tsohon inji?

Akwai abubuwa biyu da za a kula da su. An ƙera tsofaffin injuna ne don fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga cinyewa, kuma an daina sayar da irin wannan fetur na motoci a duniya baki ɗaya a 2021. Maganin dindindin shi ne a sa mazaunai masu tauri a kan injin, na wucin gadi kuma a riƙa zuba sinadarin da ke maye gurbin dalmar. Na biyu shi ne ethanol da ake gaurayawa da fetur a ƙasashe da yawa, wanda ke cin tsohon tiyo na roba, yana kuma jan danshi idan mota ta daɗe a ajiye. Canza tiyon mai aiki ne mai araha, yin sakaci da shi kuwa yana iya jawo gobara.

Suna da kariya idan aka yi haɗari?

Ba kamar motar zamani ba, kuma bai kamata a yaudari kowa a kan wannan ba. Motar shekarun 1950 ko 1960 ba ta da jakar iska, ba ta da birki mai hana tayoyi kullewa, firam ɗin gilashin gabanta kuma ba zai riƙe nauyinta ba idan ta kife. Ana iya rage haɗarin da sa bel mai kama kafaɗa da ƙugu, da ƙarfen kariya a bayan kujeru wanda ya zarce kan direba, da gyara birki sosai. Taya ma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Sauran kariyar tana ga direba: ya bar tazara mai yawa, ya kuma tuna cewa direbobin manyan motoci ba sa ganin ƙaramar mota da sauri.

Yaya ake kula da rufin tamfol?

Kada a naɗe shi yana jiƙe, domin zai yi fumfuna ya kuma ruɓe a wuraren naɗi. Tagar baya ta roba tana tsagewa idan aka lanƙwasa ta cikin sanyi, tana kuma dushewa idan aka goge ta da busasshen tsumma. A wanke rufin da ruwa da sabulu mai laushi, a riƙa sa mai a gaɓoɓin ƙarfensa, sannan idan motar za ta daɗe a gareji a bar shi a rufe don kada ya ƙanƙance.

Ya fi kyau a ajiye motar don darajarta ta ƙaru, ko a riƙa tuƙa ta?

Kaɗan daga cikinsu, irin su 300 SL da BMW 507 da Cobra ta asali, sun zama dukiyar da ake gwanjonta da kuɗi masu yawan gaske. Amma yawancin MG da Triumph da Alfa Romeo ba haka suke ba, kuma wanda ya lissafa kuɗin gyara da inshora da wurin ajiya zai ga da wuya ya mayar da abin da ya kashe. Ajiya kuma ba ta kare mota kamar yadda ake zato: birki yana kamewa, robobin da ke tare mai suna bushewa su fara yoyo, fetur yana lalacewa a cikin kafireta, tayoyi suna lotsewa a gefen da suka zauna. Mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne a fitar da ita sau ɗaya ko biyu a wata, a yi tafiyar da za ta kai rabin awa domin inji da baƙin mai su yi zafi sosai su kori danshi, a taka birki sau da dama, a shiga kowace giya. Tayar da ita na minti biyar a cikin gareji ya fi barin ta illa, saboda ruwan da ke taruwa a salansa ba ya samun zafin da zai ƙone shi.